Soja da Rijiyar Mai: Janar Muhammadu Buhari da Dukiyar Ƙasa

   'Yan mazan jiya da ke zaune tare da mu, malaman makaranta, manoma, 'yan kasuwa, iyaye mata, da matasan Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura, barkanku da zuwa.

Mutumin da za mu yi magana a kansa yau maƙwabcinmu ne. Motar da ta taso daga Kano za ta Daura sai ta ratsa Kazaure, kuma da wuya ka sami zuri'a a wannan yanki da ba ta da dangi ko suruki ko abokin ciniki a ƙasar Daura. A can aka haifi Muhammadu Buhari ranar 17 ga Disamba 1942, a can kuma aka yi masa sutura ranar 15 ga Yuli 2025, kwana biyu bayan rasuwarsa a Landan. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa. An faɗi abubuwa da yawa game da Buhari ɗan siyasa, da Buhari shugaban mulkin soja mai yaƙi da rashin ɗa'a. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, in aka cire aikin soja, babu wata harka da ta daɗe a hannunsa kamar harkar man fetur. Sau biyu aka damƙa masa ita, daga 1976 zuwa 1978 da kuma daga 1995 zuwa 1999. A karo na uku, daga 2015 zuwa 2023, shi ya riƙe ta da kansa yana shugaban ƙasa. In aka haɗa, kusan shekara 14 ke nan.

Maganar da nake so in kafa a gabanku ita ce wannan. Tarbiyyar soja ta ba Buhari abu biyu masu daraja: kame hannu daga dukiyar jama'a, da tsayawa kan aikin da aka ba shi har ya ga ƙarshensa. Waɗannan biyun sun isa a gina matatar mai, a shimfiɗa bututu, a zuba kwalta. Ba su isa su raya matatar ba bayan an watse daga bikin buɗe ta, domin abin da ke tsare dukiyar mai shi ne lissafi a fili wanda wani dabam zai duba, ko da kuwa wanin nan bai yarda da kai ba, ko ma ba ya ƙaunarka. A duk zangon ukun, tsarin da Buhari ya yi aiki a cikinsa ya jibge amana a kan mutum ɗaya da 'yan ƙalilan da shi ya aminta da su. Mu kuma mutanen Arewa, saboda ƙaunar da muke masa, mun ɗauki gaskiyarsa ta wadatar da mu daga yin tambaya.

Na san akwai wanda zuciyarsa za ta ce, mutum ya riga mu gidan gaskiya, me ya kawo tonon aikinsa? Addininmu ya hana zagin mamaci, kuma ba za ku ji zagi daga bakina ba. Amma wanda ya riƙi dukiyar mutum sama da miliyan ɗari biyu, aikinsa ya zama tarihin jama'a, kuma malamanmu na da ba su taɓa ɗaukar auna aikin shugabanni a matsayin cin naman mamaci ba. Da sun ɗauke shi haka, da ba mu san komai ba game da sarakunan Kano ko na Daura sai sunayensu. Ana yi wa mutum addu'a, ana kuma karanta abin da ya bari, domin na baya su san inda za su sa ƙafa.

Ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna yana ɗan shekara 19, ya wuce Aldershot a Ingila, ya fito da anini ɗaya a Janairun 1963. Ya yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 a ƙarƙashin Runduna ta Ɗaya. Akwai wani ɓangare na aikinsa na soja da ya kamata mu riƙe, domin shi ne ya bayyana irin kwamishinan man da ya zama: Buhari hafsan sufuri ne. Ya yi kwas na kula da motocin soja a Ingila, kuma a 1974 zuwa 1975 shi ke riƙe da sashen sufuri da samar da kayayyaki na rundunar sojan ƙasa. Aikin irin wannan hafsa shi ne ya tabbata mai da abinci da harsashi sun isa inda ake bukatarsu a ranar da ake bukatarsu. Bayan juyin mulkin Yulin 1975, Janar Murtala Muhammed ya tura shi Maiduguri gwamnan Jihar Arewa maso Gabas. Da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, Janar Obasanjo ya dawo da shi Legas a watan Maris ya ba shi kwamishinan man fetur na tarayya, yana ɗan shekara 33.

Ƙasar da ya tarar tana haƙo ɗanyen mai wajen ganga miliyan biyu a kullum, kuɗi na shigowa kamar ba za su ƙare ba tun bayan da farashi ya ninka har sau huɗu a 1973 zuwa 1974, amma matatarta ɗaya ce tak, tsohuwar ta Fatakwal da aka buɗe a 1965. Ƙarin albashin da aka fi sani da na Udoji ya sa ma'aikata sun sayi motoci da babura, gidajen mai suka cika da layi, har gwamnati ta kafa kwamitin Mai Shari'a Oputa a 1975 ya binciki ƙarancin man. Mu nan Arewa mu muka fi jin jiki, saboda nisanmu da teku. Amsar da aka bayar amsa ce irin ta hafsan sufuri. An buɗe matatar Warri a 1978. An ba kamfanin Chiyoda na Japan kwangilar matatar Kaduna a 1977, aka buɗe ta a 1980. An ja bututun ɗanyen mai daga gaɓar teku har Kaduna, daga can kuma aka ja bututun tataccen mai zuwa Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, aka gina manyan rumbunan ajiya wajen ashirin a faɗin ƙasa, ciki har da daffon Hotoro da ke Kano. Adalci ne a ce yawancin waɗannan ayyuka suna cikin shirin raya ƙasa na uku da aka tsara tun zamanin Gowon, kuma kwangilar Warri ta riga Buhari zuwa ofis. Amma ƙasar nan cike take da shirye-shiryen da suka mutu a takarda. Waɗannan an yi su, an gama su, kuma akwai shekarun da direban tanka zai yi lodi a Hotoro da safe ya sauke a Kazaure kafin azahar. Wannan lada ne da ba wanda zai ƙwace wa mutanen da suka tsaya a kan aikin.

A cikin shekarun nan biyu ne kuma aka dasa cutar da ta ci gaba da cin harkar har shekara arba'in. Ranar 1 ga Afrilu 1977 aka haɗe tsohon kamfanin mai na ƙasa da ma'aikatar man fetur aka kafa NNPC, Buhari ya zama shugabanta na farko. Dokar da ta kafa ta ta sa sashen da ke sa ido kan kamfanonin mai a cikin NNPC ɗin kanta, ta kuma sa kwamishina ya zama shugaban hukumar gudanarwarta. Wato hukuma ɗaya ce ke haƙo mai, ita ke sayar da shi, ita ke riƙe kuɗin, ita ke duba ko an yi daidai, kuma wanda ya kamata ya tsare ta da tambaya a madadin gwamnati shi ne shugabanta. A kasuwar hatsi ta Dawanau ba mai yarda ma'auni ya zama shi ne mai hatsin, shi ne kuma mai duba lafiyar mudun, komai yawan sallarsa. Ƙasar Norway, wadda ta samu mai bayan Najeriya, tun 1972 ta raba aikin gida uku: ma'aikata mai tsara manufa, hukuma mai sa ido, da kamfani mai kasuwanci, kowa da shugabansa, majalisa kuma tana bisa kansu duka. Gwamnatin soja ba ta tunani haka, domin a bariki haɗa iko a hannu ɗaya shi ne ƙa'ida, kuma ƙa'ida ce mai kyau a fagen daga, inda gardama kan iya jawo asarar rayuka. Ciniki kuwa gardamar ce ke tsare shi.

Ba a daɗe ba sakamakon ya bayyana. A farkon mulkin Alhaji Shehu Shagari aka ta da ƙura cewa naira biliyan 2.8 na kuɗin mai sun yi ɓatan dabo daga asusun NNPC, zargin da abokan hamayyar Buhari suka riƙa maimaitawa har ƙarshen rayuwarsa. Shagari ya kafa kotun bincike a 1980 ƙarƙashin Mai Shari'a Ayo Irikefe, kuma kotun ba ta sami hujjar cewa kuɗin sun ɓace ba. Duk mai son gaskiya ya kamata ya faɗi wannan ƙarara. Sai dai binciken ya nuna littattafan lissafin hukumar a hargitse suke. Masoya Buhari sun riƙe rabin farko na wannan sakamako, maƙiyansa sun yi watsi da shi gaba ɗaya, rabin na biyu kuwa, wanda shi ne ya fi shafar talaka, ba wanda ya ɗauka. Hukumar da lissafinta ya rikice har jita-jita irin wannan ta samu gindin zama, hukuma ce da ɓarawo zai iya yi wa ɓarna ba a gane ba, mai gaskiya kuma a shafa masa kashin kaji ya kasa wanke kansa. A Indunusiya, a daidai watan da aka naɗa Buhari kwamishina, Shugaba Suharto ya sauke Janar Ibnu Sutowo daga shugabancin kamfanin mai na Pertamina, bayan da aka farga kamfanin ya ciwo bashin da ya kai wajen dala biliyan 10 ba tare da ma'aikatar kuɗi ta san iyakarsa ba. Halin mutanen biyu ya sha bamban, Sutowo ya tara dukiya, Buhari bai tara ba. Ginin da suka zauna a ciki ne iri ɗaya: soja amintaccen shugaban ƙasa, da kamfanin da ba mai leƙa littafinsa.

Zamansa na shugaban mulkin soja, daga 31 ga Disamba 1983 zuwa 27 ga Agusta 1985, ba zan daɗe a kansa ba. Abu ɗaya ya shafi maganarmu. Doka ta 20 ta 1984 ta tanadi hukuncin kisa kan satar mai da fasa bututu. Ba a iya tsananta hukunci fiye da haka, kuma satar mai ba ta mutu ba.

Zango na biyu shi ne wanda ya gina sunan Buhari a zukatan talakawan Arewa. A watan Oktoban 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaga farashin litar fetur daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 15, da jama'a suka yi ca ta mayar da shi naira 11. Don a kwantar da hankula aka kafa Asusun Amanar Rarar Man Fetur, wato PTF, aka ce wani kaso na ƙarin kuɗin za a zuba shi a nan a yi wa jama'a aiki, aka kira Buhari ya shugabance shi daga 1995. Wanda ya yi wayo a waɗannan shekaru zai tuna allunan PTF a bakin hanyoyin da ake gyarawa, da magunguna masu tambarinta a asibitocin gwamnati, da littattafai a makarantu, da ayyukan ruwan sha. Ga mutumin da ya saba jin an ware kuɗi ba ya ganin komai, wannan abu ne babba, kuma daga nan laƙabin Mai Gaskiya ya samu tushen da ya ɗauke shi har zaɓen 2015. Ba na raina wannan. Hanyar da aka gyara an gyara ta, matar da ta sami magani a asibiti ta samu.

Amma mu duba yadda aka yi aikin. Kuɗin PTF ba sa bi ta kasafin kuɗin ma'aikatu. Babu majalisa a ƙasar a lokacin. Asusun ba ya amsa tambayar kowa sai shugaban ƙasa, shugaban ƙasar kuwa shi ne wanda daga baya aka yi ta dawo da ɗaruruwan miliyoyin daloli da aka ɓoye a zamaninsa daga bankunan Suwizalan da wasu ƙasashe, har da dala miliyan 322 da gwamnatin Buharin kanta ta karɓa. Tsara ayyuka da sa ido a kansu an miƙa su ga kamfanin masu ba da shawara guda ɗaya, Afri-Projects Consortium. Da Obasanjo ya dawo a 1999 ya rushe asusun, ya kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Dakta Haroun Adamu, kwamitin ya yi zargin an yi almubazzaranci da kuɗi wajen naira biliyan 25. Ba a taɓa gurfanar da Buhari a kotu kan wannan ba, kuma ban ga dalilin zarginsa da cin ko kwabo ba. To amma wannan shi ne ainihin abin da nake nunawa. Shugaba na iya zama tsarkakakke, a yi ɓarna a ƙarƙashinsa bai sani ba, in dai hanyar saninsa ɗaya ce, wato bakin waɗanda ya aminta da su. Sannan da yake an kewaye ma'aikatun lafiya da ayyuka da ilmi maimakon a gyara su, ranar da aka rufe PTF ma'aikatun suna nan yadda aka bar su, ayyuka da dama suka tsaya cak, 'yan kwangila suka shekara da shekaru suna bin bashi. Kada kuma mu manta, mu da muka ci moriyar hanyoyin, cewa a shekarar da asusun ya fara aiki, ranar 10 ga Nuwamba 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas 'yan ƙabilar Ogoni, daga ƙasar da ake haƙo man. Mutanen can suna da nasu lissafin na waɗannan shekaru, kuma haƙƙinsu ne mu saurare shi.

Zango na uku shi ne gwajin gaskiya, domin a nan ba wanda ke bisa kansa. Da ya hau mulki a 2015 ya riƙe muƙamin ministan mai da kansa, kamar yadda Obasanjo ya yi a gabansa, ya naɗa ƙaramin minista, Dakta Ibe Kachikwu da farko, sannan Timipre Sylva. Mutane da yawa sun yi murna, suka ce yanzu kam mai ya shiga hannun da ba ya sata. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, minista majalisa na iya kiransa ta titsiye shi, shugaban ƙasa na iya korarsa, amma idan shugaban ƙasa ne ministan, duka ƙofofin biyu sun rufe. A 2017 wata wasiƙa da Kachikwu ya rubuta wa shugaban ta fita fili, yana kukan cewa shugaban NNPC na lokacin yana yanke manyan shawarwari ba tare da hukumar gudanarwa ba, kuma shi kansa ya kasa samun ganin shugaban ƙasa. NNPC ta musanta zargin. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, abin lura shi ne babu wani alƙali na uku da jama'a za su ji hukuncinsa.

Sakamakon shekarun takwas a rubuce yake. Matatun gwamnati huɗu, masu ƙarfin tace ganga 445,000 a kullum, sun kai ga tsayawa gaba ɗaya. Lissafin NNPC na 2018 ya nuna matatar Kaduna, wadda aka ba da kwangilarta Buhari na kwamishina, ba ta shigo da ko sisi ba a shekarar, alhali ta yi asarar sama da naira biliyan 60. A 2021 an amince da dala biliyan 1.5 don gyaran ta Fatakwal, har ya sauka ba ta tashi ba. Bututun da aka ja zuwa daffo-daffon Arewa sun daina aiki, man da muke sha a Roni ya koma zuwa a tanka tun daga kudu, tafiyar kwanaki a kan hanyoyin da nauyin tankokin ke farfasawa. A watan Agustan 2022 man da ƙasar ke haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan ɗaya a kullum, saboda sata da fasa bututu. A watan Oktoban shekarar shugaban NNPC ya shaida wa majalisa cewa an gano wani bututun sata mai tsawon kilomita huɗu da ya shiga teku, wanda ya ce ya shekara tara yana aiki. Ku yi tunani a kan wannan. Abu ne da ba zai yiwu ba in da akwai wata hukuma mai zaman kanta da ke auna abin da ya fita daga rijiya da abin da ya isa tashar jirgi, ta buga bambancin kowane wata.

Masu kare shi suna da hujjoji, kuma ba hujjojin banza ba ne. Na farko, sa'a ba ta yi masa kyau ba: gangar da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, tsagerun Neja Delta suka fasa manyan bututu a shekarar, annobar korona kuma ta zo a 2020. Haka ne. Amma faɗuwar farashi ba ta hana matata tace mai, ba ta kuma hana a ƙirga ganga, kuma a 2022, lokacin da yaƙin Yukren ya sake ɗaga farashi sama da dala 100 har sauran ƙasashe masu mai suka cika asusunsu, NNPC ta yi watanni ba ta zuba komai a asusun tarayya ba. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: a zamaninsa ne, a 2020, NNPC ta fara buga lissafinta da masu bincike suka tantance, karo na farko tun kafa ta, kuma shi ne ya sa hannu kan Dokar Masana'antar Man Fetur ranar 16 ga Agusta 2021, dokar da ta maƙale a majalisa tun 2008. Dokar ta mai da NNPC kamfani, ta kafa hukumomi biyu masu sa ido dabam da shi. Wannan gaskiya ne, kuma a ganina shi ne mafi girman abin da ya yi a harkar mai, ya fi matatun mai, ya fi hanyoyin PTF. Sai dai ku lura da abin da dokar ta ƙunsa: warware ƙullin da aka yi a 1977. Hujjar ba ta rushe maganata ba, tabbatar da ita ta yi. Abin takaicin shi ne ta zo a shekara ta bakwai ta mulkinsa, bayan ya ƙi sa hannu kan wani ɓangarenta a 2018, saura ƙasa da shekara biyu ya sauka.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi taɓa zuciya a wuri irin wannan: cewa ya ƙi cire tallafin mai ne don tausayin talaka. Na yarda tausayin na gaske ne, kuma duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan cire tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 cikin shekara ɗaya da rabi, ya san abin da ake tsoro. Mai noman rani da ke tayar da injin ban-ruwa, da ɗan acaɓa, da mai injin niƙa, su suka fara ɗanɗanawa. Amma a 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4, alhali kasafin kuɗin Jihar Jigawa na shekarar bai kai naira biliyan 200 ba. Wato an kashe abin da ya ninka kasafin jiharmu sau ashirin, kuma ba wanda ya iya faɗin lita nawa 'yan Najeriya ke sha a rana. Shugaban hukumar kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali, shi ma tsohon soja kuma na kusa da Buhari, ya tsaya gaban 'yan majalisa a 2022 ya ce bai gamsu da alƙaluman NNPC ba. Maganin da aka kawo wa fasa-ƙwaurin mai kuwa shi ne umarnin Nuwamban 2019 na hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutanen Maigatari da Kwangwalam da Jibiya, 'yan ƙasa masu cikakken haƙƙi, suka koma sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu da tsada. Manoman karkara da yawa ba su taɓa sayen mai a farashin gwamnati ba ko a lokacin tallafin. Tausayin ya fito daga Abuja da gaske, amma ba a ajiye mai ƙirga abin da ya iso ba.

Abin da ya bari a ƙasa yana nan, kuma wasu suna kusa da mu. Bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020. Haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, ya ƙaddamar da ita a Nuwamban 2022. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura, an fara shi a 2021. Dukkansu irin aikin da ya iya ne, aikin da ake aunawa da kilomita. Ko za su rayu ko za su bi sahun matatar Kaduna, wannan ya rataya ne kan ko za a sami masu tambayar nawa aka kashe, nawa ake samu, wa ke dubawa, kuma ko za a daina kallon mai irin wannan tambaya a matsayin maƙiyin shugaba ko maƙiyin Arewa.

Tambayar ba a Abuja kaɗai take ba. Rabon mutumin Roni daga rijiyoyin Neja Delta yana zuwa ne ta kason da ake rabawa kowane wata daga asusun tarayya, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, har da 27 ɗin Jigawa, kowa na iya gani a wayarsa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Hukumar NEITI tana buga rahoton abin da kamfanonin mai suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a 1977, lokacin da Buhari ya zauna kujerar NNPC, babu su kuma a 1995. Ina roƙon malaman makarantunmu, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da ƙungiyoyin matasa da na manoma, su ɗauki alƙaluman kason Roni na wata goma sha biyu da suka wuce, su jera su kusa da kasafin kuɗin ƙaramar hukumar da ayyukan da aka yi a mazaɓunsu, su kai wa kansilolinsu da shugaban ƙaramar hukuma cikin ladabi, su nemi a zauna a karanta tare a gaban dagatai da masu unguwanni.